Adviser, consultant ko counsellor, wanne zan sa wa Baba a kati?

Ɗan Mai Ritaya:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu Turanci ku taimaka min. Babanmu ya yi ritaya daga ma'aikatar gona bayan shekara 35, yanzu masu kiwon kaji ne ke kiransa ya je ya duba musu gona ya gaya musu yadda za su haɗa abinci da lokacin rigakafi, in ya gama su sallame shi. To ina so in buga masa kati da ɗan allo a ƙofar gida, mai bugawar ya ce in sa counsellor, abokina ya ce adviser, ni kuma consultant na fi ji a bakin mutane, alhali a Hausa duk mai ba da shawara ne. Wallahi ba na so in rubuta abin da zai sa a raina shi.

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam. Consultant za ka sa, kar ka yi kokwanto. Ka duba yadda Baba yake aikin, ba ma'aikacin kowa ba ne, ana kiransa ne saboda ƙwarewarsa ya warware matsala a biya shi ya wuce gonar gaba, to wannan shi ne consultant. Adviser kuwa yawanci yana manne ne da mutum ɗaya ko ofis ɗaya, kullum yana gefensa, shi ya sa ake cewa Special Adviser na gwamna, kundin tsarin mulkin 1999 ma haka ya kira su, haka muƙamin National Security Adviser da aka ba Nuhu Ribadu a 2023. In da a ce wani babban kamfanin kaji ya ɗauki Baba yana ba shi albashi duk wata, to nan adviser zai shiga.

Maman Ɗalibai:
Mai bugawar nan bai kyauta ba gaskiya. Counsellor ai aikina ne a makaranta, damuwar mutum muke saurara, yaron da ya kasa zaɓen kwas, rikicin aure, shaye-shaye, irin waɗannan. Ba ruwansa da kaji. Kuma a kula, harafi kaɗan ne tsakaninsa da councillor wato kansila, na sha ganin an cakuɗa su a fosta.

Ɗan Mai Ritaya:
Na gode sosai Malam, na gode Mama. Amma adviser ɗin nan wani lokaci ina ganinsa da o, advisor, kuskure ne?

Malamin Turanci:
Duk daidai ne. Mai e ɗin shi aka fi rubutawa a Ingila da nan Najeriya, mai o ya fi yawa a Amurka, duk da su ma dokarsu ta 1940 kan masu ba da shawarar zuba jari da e aka rubuta ta.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ƙarin da zan yi, kar ka bar consultant shi kaɗai a allon, domin mutanenmu da sun ji kalmar babban likitan asibiti ke zuwa musu a rai, wanda ya gama horon ƙwarewa, sai ka ga an kawo masa mara lafiya har gida. Ka rubuta Poultry Consultant, a ƙasa ka sa da Hausa mai ba da shawara kan kiwon kaji, tunda da yawan masu kiransa Hausar za su karanta. Kuma in ba likitan dabbobi ba ne kar a sa masa Dr, hukumarsu ba ta wasa da wannan.

Ɗan Mai Ritaya:
Ba likita ba ne, malamin gona ne. Gobe in sha Allah zan koma wurin mai bugawar a gyara kafin ya sa a inji. Allah ya saka da alheri.