Feminisanci da daidaito: me dokar Saudiyya ta ba mace a aikace?

Ƙanwa daga Jidda:
Assalamu alaikum. Don Allah a fahimtar da ni. Wasu na cewa feminisanci bijire wa miji ne, wasu na cewa neman haƙƙi ne. Mu mazauna nan Saudiyya, me ya canza mana?

Hajiya Makka:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Asalinsa neman kada a hana mace ilimi, aiki, dukiya ko shari'a don kawai ita mace ce. A watan Yunin 2018 aka bar mata su tuƙa mota. A Agustan 2019 aka ba macen da ta kai shekara 21 damar yin fasfo da fita waje ba izinin waliyyi, ta kuma yi rajistar haihuwa ko saki da kanta. Amma a dokar iyali ta 2022 har yanzu waliyyi ke ɗaura mata aure.

Malam Madina:
Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai a nan ake yin kuskure. Maganar fasfon ta 'yan ƙasa ce. Baƙuwar da iƙamarta (takardar izinin zama) ke ƙarƙashin miji, shi zai fitar mata da bizar fita da dawowa ta Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya. In ya ƙi, tafiyar ta tsaya.

Yaya Ɗa'ifa:
Abin da ya fi damuna 'yan aikin gida. Dokar ƙwadago ba ta shafe su ba, ƙa'idojinsu daban ne. Ƙanwata, duk wadda za ta shiga aikin, ta tabbata kwangilarta na Musaned (shafin gwamnati na ɗaukar 'yan aikin gida), albashi ta banki, fasfo kuma a hannunta.