Jinin dasashi da ciwon sukari, mi ya haɗa su?

Ɗan_Adar:
Salamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni bisa tsohona, nan Tawa muke. Shekara shida ke nan shina da ciwon sukari, shina shan metformin safe da dare. To tun wajen azumin bana in ya yi asuwaki sai ka ga kan icen ya yi ja, in ya kurkure baki wurin alwala ya tofar sai jini-jini, yanzu kuma haƙoran gaba biyu na ƙasa sun fara girgiɗa har ya bar ɓare goro da su, kilishi kam ko maganarshi ba a yi. Inna ta ce bakin har wari shikai amma wa zai iya gaya mishi. Jiya mun tahi awo, glisemi, wato sukarin jini, ya hito 2,3 g kuma bai ci komi ba, lokotoro ya leƙa bakin sai ya ce mu ga likitan haƙori. Ni abin ya ɗaure min kai, mun zo don sukari an tura mu haƙori. Ko dai hanyar cin kuɗi ce?

Maman_Biyu:
Allah ba Baba lafiya. Ni ina ga tsufa ne kawai, kakata haka nata suka zube. Shi riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, in shina zogi a sa kanumfari.

Majo_Tawa:
Hajiya gishiri da kanumfari suna rage zogi, ban musa ba, amma ba su taɓa tushen abin, kuma tsufa shi kaɗai bai girgiɗa haƙori. Ƙanena, lokotoron nan ya yi maka gaskiya. Mai sukari, musamman wanda nashi bai daidaita ba, ya fi sauran mutane haɗarin ciwon dasashi mai tsanani wajen ninki uku. Tun 1993 wani masanin haƙori Harald Löe ya kira shi illa ta shida ta ciwon sukari, a jerin su ido da ƙoda da jijiyoyi.

Yadda abin yake, in sukari ya yi yawa cikin jini ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta sai su yi sanyi, ƙananan hanyoyin jini na dasashi su lalace, rauni shi daɗe bai warke ba, ga baki na bushewa yawu ya yi kaɗan alhali yawu shi ke wanke baki. Dattin da ke manne gindin haƙori kuma in an bar shi sai shi daskare awa dutse, ba asuwakin da ke cire shi, ƙwayoyin cuta su zauna ƙarƙashi suna cin dasashi har su kai ga ƙashin da ke riƙe haƙori. Girgiɗar da ka gani, ƙashin ne ya fara cinyewa.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne ciwon dasashin na ramawa. Kumburin nan na dasashi kullum shina zuba abubuwan kumburi cikin jini, su kuma su hana insilin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, aiki yadda ya kamata, sai sukari shi ƙi sauka ko ana shan magani. An auna an gani, gyaran dasashi na rage HbA1c, awon nan da ke nuna sukarin wata biyu zuwa uku, da wajen 0,4 cikin ɗari bayan wata uku ko huɗu. Kamar kaɗan ne amma wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai 2,3 g da safe ya yi yawa sosai, daga 1,26 g ake cewa mutum na da ciwon, don haka kada ku bar komawa wajen lokotoron ku ce haƙori ya isa.

Mai_Shago77:
Ni mai sukari ne, an kankare min dattin haƙoran nawa bara. Ƙarar injin ta fi zafin yawa wallahi, kwana biyu haƙoran na tsami in na sha ruwan sanyi, bayan nan jinin ya tsaya. Ku gaya ma likitan haƙorin maganin da shike sha, kuma kada shi je da yunwa. Sannan a tambayi Baba maganar shayi, don mu nan sai mutum shi ce ya bar sukari amma shina zaune fada ana zuba na farko na biyu na uku duk shina amsa. In shina shan taba ma a faɗa.

Ɗan_Adar:
Hhh shayin kam kamar kana gidanmu. Taba dai bai sha. Majo na gode ƙwarai. To waɗanda ke girgiɗa cire su za a yi? Shi abin da ke ba shi tsoro ke nan, wai an ce mai sukari in an cire mishi haƙori wurin bai warkewa.

Majo_Tawa:
Shina warkewa, jinkiri ne shike yi in sukari na sama, shi ya sa ake so a sauke shi kamin a taɓa. Cirewa ko bari sai an yi hoto an ga ƙashin da ya rage, wani ana kankarewa shi ɗan ƙara tsayuwa. Kamin nan shi ci gaba da goge baki safe da dare a hankali ko jini na hita, buroshi mai taushi da man goge haƙori, kada shi bari don tsoron jinin. In dasashin ya kumbura da mugunya ko zazzaɓi ya shigo ku tahi ran nan, kar ku jira randebu.