Shin nuna injina a bainar jama'a ya hana ni rajistar haƙƙin ƙirƙira?

Assalamu alaikum. Ni maƙeri ne a Kano, kuma na shafe shekara uku ina ƙera wani injin ɓare gyaɗa da ba ya farfasa ƙwaya. Wata huɗu da suka wuce na nuna shi a wani bajekoli na unguwa, inda mutane suka ɗauki hotunansa suka watsa a Facebook.

Yanzu da nake shirin kai takarduna ofishin rajista da ke Abuja, sai na karanta cewa dokar Nijeriya ta 1970 ta sharɗanta ƙirƙira ta kasance sabuwa, kuma rangwamen da ta yi wa wanda ya nuna ƙirƙirarsa cikin wata shida kafin ya nemi rajista, na bajekolin ƙasa da ƙasa ne wanda hukuma ta amince da shi. Abin da ya fi damuna shi ne, cikar takardu ofishin yake dubawa, ba sabuntar ƙirƙira ba, don haka ina iya samun shaidar haƙƙin ƙirƙira ta shekara 20, daga baya kotu ta soke ta.

Don Allah, masana shari'a, idan ba a ga cikin injin a hotunan ba, shin sirrin ya fita a idon doka?