Ta yaya zan ƙaunaci baffan da ya cinye mana gona?

Autar Mama:
Salama 'yan'uwa, dan Allah ku ba ni shawara. Ran Lahadi fasto ya yi wa'azi kan Yohanna 13:34, mu ƙaunaci juna kamar yadda Yesu ya ƙaunace mu, ni kuwa ina zaune ina kallon ƙeyar baffana a bencin gaba, mutumin da ya ƙwace gonarmu bayan rasuwar babanmu ko wata uku ba a yi ba, yanzu mama sai aikatau take yi mu ci. Shi ke raba jibin Ubangiji fa, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu! Gaisuwa ma da ƙyar take fita bakina, balle ƙauna.

Dattijon Ikilisiya:
Sannu 'yata, Allah ya ƙara haƙuri. Ba a ce sai kin ji daɗinsa a ranki ba. Duba Matiyu 5:45, Allah yana sa ruwa ya sauka a gonar mai adalci da ta marar adalci, har gonar da baffanki ya ƙwace damina ba ta tsallake ta ba. Fara da yi masa addu'a, ko baki yana ɗaci.

Maman Biyu:
Baba gaskiya ne amma kar a tsaya nan, mu a zumuntar mata mun gaji da ganin ana ce wa gwauraye su yi shiru da sunan ƙauna. Matiyu 18 ya ce ki same shi ku biyu, in bai ji ba ki je da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ikilisiya. Barinsa yana cin haƙƙin marayu yana riƙe da ƙoƙon jibi ai ba ƙaunarsa aka yi ba, rami ake taya shi haƙawa. Yusufu ma da ya yafe wa yayyensa sai da ya gwada su da ƙoƙon azurfa a buhun ƙanensa Biliyaminu kafin ya ce musu shi ne.

Autar Mama:
Na gode Baba, na gode Mama. Jiya na gwada addu'ar, ina ambatar sunansa kuka ya ƙwace min, ban ƙarasa ba. Zuwa wajensa ni kaɗai kam ina jin tsoro. In na tafi da yayana, an bi ayar ko mun tsallake matakin farko?

Maman Biyu:
Tafi da shi 'yata, ya tsaya a zaure.