Wai tambayar "me ya ci jiya" tana auna abincin yara da gaske?

Malamin lise (makarantar sakandare), Garwa: Salamu alaikum jama'a. Ni fa binciken nan da ake bi gida gida ana tambayar uwa me yaronki ya ci jiya dare da rana, a ganina ba ya auna komai. Yara biyar shida ke zagaye kwano ɗaya na tuwon dawa, mai saurin hannu ya ƙoshi, mai sanyi ya tashi da saura yunwa, to uwar da ke can bakin murhu ta ina za ta san loma nawa kowa ya yi? Kuma da amsar nan ake rubuta rahoto a Yawunde.

Anti ta asibiti, Marwa: Wa alaikassalam Malam. Ai ba loma ake ƙirgawa ba, kala ake ƙirgawa. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa 23, WHO da UNICEF sun kasa abinci gida 8: nonon uwa, hatsi da su dankali, wake da gyaɗa, madara, nama ko kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace masu bitamin A irin zogale da mangwaro, sai sauran kayan lambu da 'ya'yan itace. In ya taɓa 5 a cikin 8 jiya an ce ya samu kalolin abincin da ake so. Yaro ƙasa da shekara biyu kam yana goye ko yana gindin uwarsa, ita ke ba shi kunun, wa zai fi ta sani?

Maman 'yan biyu: Anti gaskiya ne amma akwai kunya fa. Baƙo ya shigo da tablet a hannu, kishiya na tsakar gida tana ji, maƙwabciya ta leƙo, wace mace ce za ta buɗe baki ta ce jiya kunu zalla muka sha? Sai ta ce an sa kifi, alhali ɗan garin busasshen kifi ne aka barbaɗa a miyar kuka don ƙamshi.

Kawu na Kusiri: A nan wajenmu akasin haka ma ake yi, da an ga mota da masu riga mai tambari sai a ɗauka rajistar tallafi ce, wanda ya ci nama ya ce kwana biyu ba a ɗora tukunya ba.

Anti ta asibiti, Marwa: Kawu shi ya sa ba a tsayawa kan baki kaɗai. Ana ɗora yaro a sikeli, a auna tsawo, a ɗaura masa zaren nan mai kala uku a damtse, in ya gaza santimita 11.5 ja ne, kai tsaye sai magani. Damtse ba ya jin kunya kuma ba ya neman tallafi. Binciken EDS, wato na yawan jama'a da lafiyarsu, na 2018 da hukumar ƙididdiga ta Kamaru ta yi ya nuna kashi 29 cikin ɗari na yara ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma arewa ta fi kudu, wannan awo ne ba hira ba. Sannan tambayar jiya ɗin ba don a yanke hukunci kan gida ɗaya ba ce, dubban gidaje ake haɗawa a ga hoton yanki.

Malamin lise, Garwa: To na karɓa a kan jarirai. Amma ɗalibaina fa? Sikelin EDS ƙananan yara da mata 'yan shekara 15 zuwa 49 ya fi kamawa, ɗan shekara 8 ko 13 yana ina? Kullum ina ganinsu a ƙofar makaranta da dala goma ko dala ashirin, makala da wake, awara, zobo mai sukari a leda, alawa, biskit, wani ma bai karya ba sai ƙarfe 12, kuma wallahi uwarsa ba ta san ko ɗaya ba, in ka tambaye ta tuwon dare kawai za ta lissafa maka.

Maman 'yan biyu: Ko a unguwa ma haka ne, yaro ya ci a gidan kakarsa, ya ci a gidan biki, ya tsinci magarya da goruba a hanya. Su ya kamata a tambaya da kansu.

Anti ta asibiti, Marwa: Akwai na makarantu da WHO ta tsara, GSHS, na 'yan shekara 13 zuwa 17, ɗalibi ke cike takarda da kansa ba a sa suna, ana tambayarsa 'ya'yan itace da kayan lambu da lemon kwalba. Sai dai wanda ke aji kawai yake samu.

Liman ƙarami: Nan nake so in sa baki Anti. Almajirin makarantar allo fa, da yarinya mai talla, da yaron da ke bin shanu? Almajiri ya haɗa tuwo da shinkafa da miya kala uku a roba ɗaya daga gida huɗu, a takarda sai a ga kamar ya ci kala kala, alhali rabi ɗumame ne da ya fara tsami. Su ne suka fi buƙatar a gan su.

Kawu na Kusiri: Kuma a duba wata. Wanda ya zo a Afrilu mangwaro na zube ko'ina zai ce bitamin ya wadata, ya dawo a Agusta rumbu ya yi ƙasa ya gani. Azumi ma daban, samari na azumi, cin ya koma dare.

Malamin lise, Garwa: To ni har yanzu ina kan bakana a kan manyan yara. Anti don Allah in kina da takardar tambayoyin nan ta makarantu ki turo min, in fassara ta da Hausa da Fulatanci in sa makala da awara a ciki, in gwada a ajina.

Anti ta asibiti, Marwa: Zan turo in sha Allah, amma ka nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye tukuna, kuma kada ka tambaye su a gaban juna, ɗan da bai karya ba ba zai faɗa a gaban abokansa ba.