Nauyina ya ƙaru da kilo 13 alhali cikina wata shida ne

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Lokacin da na fara zuwa awo, nauyina kilo 78 ne, amma a makon jiya da na hau sikeli sai ma'aikaciyar ta rubuta 91, ta kuma ce in kula da abin da nake ci. Surukata kuwa kullum sai ta aiko mini da kunun gyaɗa da fura, tana cewa mai ciki cin mutum biyu take yi. Don Allah mene ne ke jawo irin wannan ƙiba, kuma tana da haɗari?

Ungozoma: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raba lafiya. Adadin da ya dace ki ƙara ya danganta ne da yadda jikinki yake kafin ki samu cikin. Bisa ƙa'idar da Cibiyar Likitanci ta Amurka ta fitar a 2009, mace mai matsakaicin jiki za ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 a tsawon cikin gaba ɗaya, mai ɗan jiki kilo 7 zuwa 11.5, mai ƙiba sosai kuwa kilo 5 zuwa 9 kawai. Maganar cin mutum biyu ita ce ta fi cutar da matanmu, domin a watanni ukun farko jiki ba ya bukatar ƙarin abinci, bayan haka ma ƙarin da ake bukata kaɗan ne. Abin da na fi gani shi ne shayi mai kauri da sukari cokali uku da safe, lemon kwalba idan kwaɗayi ya taso, ga taliya da biredi, sannan a hana mace ko da shara, ta yini a kwance. Ki nemi a yi miki gwajin ciwon sukari na masu ciki, wanda ake yi tsakanin mako na 24 da na 28, saboda ciwon yakan sa jariri ya yi girman da zai wahalar da haihuwa har a kai ga tiyata.

Hajiya Babba: Ƴata, ki duba ko ƙiba ce ko kumburi. Ƙanwata ta ga zobenta ya ƙi fita, fuskarta ta cika, muna ta yaba mata cewa cikin ya karɓe ta, ashe hawan jini ne, kuma da ƙyar ta tsira daga jijjiga. Idan nauyin ya hau cikin 'yan kwanaki tare da ciwon kai ko ganin dishi-dishi, kada ki jira ranar awo.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. Babu kumburi, amma shayin nan da Malama ta ambata nakan sha sau biyu a rana. To, in rage cin abinci ne har nauyin ya sauka?

Ungozoma: A'a, ba a neman ramewa da ciki. Ki rage sukari da soye-soye, ki yawaita wake, ƙwai, kifi da ganye kamar zogale, ki riƙa tafiyar minti 30 da yamma idan likita bai hana ki ba. Furar Mama kuma ki karɓa da godiya, ki sha ƙaramin kofi ba tare da sukari ba.