Sunan “lineman” na ƙwallon Amurka da Hausa: ina ba da shawarar “ɗan sahu”

Assalamu alaikum, jama'a. Duk shekara idan watan Afrilu ya kama, ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, sukan zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'in Amurka, zagaye bakwai cikin kwana uku, kuma duk mai son ba da wannan labari da Hausa yakan ci karo da kalmar lineman tun kafin ya yi nisa. Na ga an fassara ta da “ɗan layi”, na ga an ce “mai tsaron baya”, kuma babu ɗaya a cikinsu da ta zauna mini, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Sai mun san aikin mutum kafin mu raɗa masa suna. A duk lokacin da za a tayar da wasa, ana ajiye ƙwallo a ƙasa, ƙarti su durƙusa a jere suna fuskantar juna, babu abin da ya raba su sai tsawon ƙwallon. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana jera mutum biyar: na tsakiya wanda ke miƙa ƙwallon ta tsakanin ƙafafunsa, da biyu da ke dafe da shi dama da hagu, da wasu biyu a ƙarshen jerin. Mafi yawansu sun haura kilo 135, suna sa lamba daga 50 zuwa 79, kuma a bisa ƙa'ida ba su da izinin cafe ƙwallon da aka jefa gaba. Aikinsu shi ne su kare mai jifa, wato ɗan wasansu da ke jefa ƙwallon gaba, su kuma buɗa wa mai gudu da ƙwallo hanya. Ɗaya ɓangaren yakan tsayar da mutum uku ko huɗu, su kuma burinsu su ɓarka wannan jeri su cim ma mai riƙe da ƙwallo.

“Ɗan layi” ta faɗi tun a matakin farko, domin Bahaushe idan ya ji “ɗan layinmu” maƙwabci yake fahimta, mai kallon tamaula kuwa zai zaci mai ɗaga tuta ake nufi, alhali wancan mataimakin alƙalin wasa ne. “Mai tsaron baya” ta fi muni, saboda waɗannan mutane su ne a gaban kowa. Wani ɗan'uwa ya kawo “'yan bakin daga”, kuma na yarda tana da armashi a bakin mai sharhi, amma kirari ce, ba za ta ɗauki nauyin maimaici sau ashirin a rahoto ɗaya ba.

Wadda ta fi ja mini rai ita ce “ɗan kokawa”, kuma ba banza ba. Masu farautar 'yan wasa suna daraja wanda ya taɓa kokawa, domin ya san sirrin ƙugu, ya san cewa wanda ya fi yin ƙasa shi ke ɗaga abokin karawarsa. Tristan Wirfs, wanda ƙungiyar Tampa Bay ta ɗauka na 13 a zaɓen 2020, ya zama zakaran kokawa na jihar Iowa tun yana sakandare. To amma kokawa ginshiƙinta riƙo da kayarwa, a nan kuwa riƙo laifi ne: idan mai kare mai jifa ya cakumi abokin hamayya ya hana shi wucewa, ana mayar da ƙungiyarsa baya yadi 10. Sunan da zai sa mai karatu ya ɗauki laifi a matsayin gwaninta bai dace ba.

Don haka na tsaya a kan “ɗan sahu”, jam'i “'yan sahu”. Sahu a Hausa jeri ne na mutane kafaɗa da kafaɗa wanda ake daidaitawa, ake kuma ƙin barin giɓi a cikinsa, kuma wannan shi ne ainihin abin da ake nema a wurin mutum biyar ɗin nan: ɗaya ya yi sake, sauran huɗun sun yi aikin banza. Kalmar tana zuwa da 'yan rakiyarta a shirye. Muna da daidaita sahu, da cike giɓi, da keta sahu, da fita daga sahu ga wanda ya motsa kafin a tayar da wasa.

Saura rabe ɓangarorin biyu, kuma a nan fassarar kai-tsaye take yaudara. Turanci yana jingina mutum biyar ɗin ga masu kai hari, alhali kariya suke yi, yana jingina ɗaya jerin ga masu tsaro, alhali su ne masu afkawa. Ina ganin mu bi aiki mu bar laƙabi: “sahun garkuwa” ga masu kare mai jifa, “sahun kutse” ga masu ƙoƙarin ɓarkowa. A cikin sahun garkuwa sai mu ce ɗan tsakiya, da 'yan ciki biyu, da 'yan gefe biyu.

Bari mu gwada kalmomin a inda ake buƙatarsu, wato wurin auna ɗalibin da ke jiran zaɓe. Tun daga 1987 ake taron gwaji a birnin Indianapolis, inda ake auna tsawo da nauyi da tsawon hannu da faɗin tafi, a sa mutum ya yi ta ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 102 har ya gaji, ya kuma yi gudun yadi 40. Ga ɗan sahu, yadi 10 na farko ake zuba wa ido, domin da wuya wasa ya kai shi nesa da haka, abin da ake so shi ne zabura. Ɗan gefen hagu shi ya fi tsada, saboda mai jifa da hannun dama yakan juya wa hagu baya, ba ya ganin abin da ke tahowa. Shi ya sa ake jayayya a kan inci ɗaya na hannu: ƙungiyoyi da yawa suna son ɗan gefe ya kai inci 33 ko 34, don ya riga ɗan kutse kai hannu ƙirji. Peter Skoronski ya yi fice a gefen hagu a jami'ar Northwestern, amma hannunsa bai kai inci 33 ba, da Tennessee ta ɗauke shi na 11 a 2023 sai ta mayar da shi ɗan ciki. An yi wa Will Campbell na jami'ar LSU irin wannan ƙorafi a 2025, duk da haka New England ta ɗauke shi na huɗu ta bar shi a gefe. Ku lura cewa duk bayanin nan ya tafi da “gefe” da “ciki” ba tare da aron sunan ko gurbi ɗaya daga Turanci ba.

Ni dai na fi ba da nauyi ga bidiyon wasannin da ɗalibi ya buga, da atisayen mutum-da-mutum da ake yi a makon Senior Bowl, wato wasan fitattun ɗaliban da ke jiran zaɓe, a garin Mobile, fiye da abin da igiyar awo ta nuna. An ce Aaron Donald ya yi ƙanƙanta ga ɗan kutse na ciki, aka bar shi har na 13 a 2014, sai ga shi ya zama gwarzon mai tsaro na shekara har sau uku. Jason Kelce sai a zagaye na shida aka ɗauke shi a 2011, ya kuma yi kaka 13 yana ɗan tsakiyar Philadelphia. Tony Mandarich kuwa, wanda girman jikinsa ya ruɗi kowa har Green Bay ta ɗauke shi na biyu a 1989, bai yi abin da aka zata ba.

Abu ɗaya da na san za a soka shi ne “kutse”, tun da yanzu masu satar bayanai a intanet sun kusa mallake ta. Amsata ita ce kalmar ta girmi kwamfuta, kuma “sahu” da ke gabanta ya isa ya kawar da ruɗani. Wanda bai gamsu ba yana iya cewa “sahun farmaki”, sai dai ya sani cewa mai karatu zai iya zaton ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo ake nufi, wanda shi ne ruɗanin da muka gudo tun farko.